Ma'aikacin Asibiti Mai Keke Ma Yana Da Haƙƙin Inuwa

Makonni biyu na yi ina jinyar mahaifina a wani babban asibitin gwamnati a nan Kano, kuma duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san cewa mai jinya yana ganin abin da ko shugaban asibiti ba ya gani, domin shi ne ba ya barci, shi ne kullum yake zaune a baranda yana kallon shige da ficen jama'a. A cikin waɗannan kwanaki na saba da wani dattijo mai tura gadon marasa lafiya daga ɗakin kwanciya zuwa ɗakin hoto da na tiyata. Kullum kafin ƙarfe bakwai na safe zan hango shi ya shigo a kan tsohon kekensa Fonis, ya ɗaure ƙafar wandonsa ta dama da roba don kada sarƙa ta kama, ga kayan aikinsa a cikin leda a ɗaure a kariya.

Wata safiya aka tashi da hadari, gari ya yi baƙi ƙirin. Dattijon ya tura kekensa ƙarƙashin rumfar kwanon da aka yi wa motoci, wadda a lokacin fiye da rabinta babu kowa. Maigadi, wanda bai wuce sa'an ɗansa ba, ya taso da sauri.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri, nan wurin manya ne. An ce kada mu bari a ajiye keke."

"To ɗana, ina zan kai shi? Ga ruwa nan zai sauko."

"Can bayan ɗakin janareta, Baba, inda kuka saba."

Dattijon bai ƙara cewa uffan ba, ya juya kan keken ya tafi. Da aka ɗauke ruwa na zagaya don in ga wurin da idona. Kekuna ne fiye da goma, wasu an jingine su da katanga, wasu an ɗaure da bututun ruwa, ɗaya kuma an maƙale shi da ƙarfen taga. Ƙasa duk baƙin mai ne da taɓo, ga bola a gefe, kuma babu wani maigadi da idonsa ke kaiwa can.

Ban ga laifin maigadin ba, umarni aka ba shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne umarnin kansa, da irin tunanin da ya haife shi. Ra'ayina shi ne, wajibi ne kowane asibiti a ƙasar nan ya ɗauki keke a matsayin abin hawan ma'aikacinsa kamar yadda ya ɗauki mota, ya tanadar masa wurin ajiya mai inuwa da tsaro, ya kuma tanadar wa mai shi wurin wanka da sauya tufafi. Kuɗin da wannan zai ci kaɗan ne, kuma ba kuɗi ne ya hana a yi ba, raini ne.

Su wa ke zuwa aiki a keke?

Idan aka yi zancen ƙarfafa wa ma'aikatan lafiya hawa keke, mutane da yawa sukan ɗauka ana nufin a lallashi likita ya ajiye motarsa. Wannan zance ne na ƙasashen Turai. A nan wurinmu masu keken suna nan tuni: masu shara, masu wanki, masinjoji, masu gadi, masu tura gado, wasu ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da na ɗakin kati, da ɗaliban kwalejojin kiwon lafiya da ke zuwa sanin makamar aiki. Su ne mutanen da idan suka makara, ɗakin tiyata ba zai tsabtatu a kan lokaci ba, kuma mara lafiya zai kwanta yana jiran wanda zai kai shi hoto.

Yawansu kuma ƙaruwa yake yi, dalilin a bayyane yake. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ayyana janye tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi tashin gwauron zabo, har ta haura naira 1,000 a watan Oktoban 2024. Kuɗin A Daidaita Sahu ya bi ta. Mafi ƙarancin albashi a ƙasa naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024, a Kano kuma gwamnati ta sa shi a naira 71,000. A ɗauka mutum yana kashe naira 1,500 kullum zuwa da dawowa, a kwanakin aiki 22 ya kashe naira 33,000 ke nan, kusan rabin albashin, tun bai sayi kwanon masara ba. Masu shara da yawa ma 'yan kwangila ne da ko wannan mafi ƙarancin ba ya isa hannunsu. Ga shi kuma tun watan Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano. Mutumin da ya ga haka ya kakkaɓe tsohon kekensa, ya yi abin da hankali ya ba shi, kuma asibitin da yake wa aiki shi ne na farko da ke cin ribar zuwansa a kan lokaci.

Raini, wanda shi ne tushen matsalar

Akwai lokacin da keke abin alfahari ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu suna ba da labarin yadda malamin makaranta da malamin asibiti da malamin gona suke hawa Rali, a goge shi yana ƙyalli, a sa masa ado a sirdi, a jingine shi a zaure kowa ya gani. Malamin da ke zagaya ƙauyuka yana yin lamba, a keke yake zuwa, kuma ba wanda ya raina allurarsa saboda abin hawansa. Da kuɗin fetur suka shigo, babur ya ture keke, mota ta ture babur, sai keke ya koma shaidar rashi a idon jama'a.

Wannan kallo ne ya shiga asibiti ya zauna. Shi ya sa za ka ga an shafa fenti a bango an rubuta muƙamin mai kowace rumfa, amma babu ko ƙarfe ɗaya da aka kafa don mai keke. Shi ya sa a bakin ƙofa ake ɗaga wa mota ƙarfe da gaisuwa, mai keke kuwa a ce ya sauka ya tura, ko a tambaye shi inda za shi alhali shekararsa ashirin yana aiki a wurin. Na san wani matashin ma'aikacin jinya da ya gaya mini cewa yana da keke a gida, gidansu kuma ba shi da nisa, amma ba zai iya jure kallon abokan aiki da na 'yan jinya ba, don haka gara ya ci bashin kuɗin A Daidaita. Wannan matashin yana asarar kuɗinsa ne kawai don ya sayi mutuncin da bai kamata a ce keke ya zubar masa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a asibiti ake wannan. A nan ne likita yake gaya wa mai hawan jini da mai ciwon suga cewa su riƙa motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kowane baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma wanda ke tuƙa keke minti 15 zuwa, minti 15 dawowa, kwana biyar, ya cika wannan adadi ba tare da ya ware wani lokaci daban ba. Wani bincike da masana a Jami'ar Glasgow suka wallafa a 2017, wanda ya bi diddigin mutane fiye da 260,000 a Birtaniya, ya gano cewa haɗarin mutuwa a tsawon shekarun binciken ya yi ƙasa da kashi 41 cikin ɗari a tsakanin masu zuwa aiki a keke, idan aka kwatanta da masu zuwa a mota ko bas. Titunan Birtaniya daban ne da namu, wannan gaskiya ne, amma zuciya da jijiyoyin jini iri ɗaya ne. Gidan da ke wa'azin rigakafi ya fi magani bai kamata ya kori mai aiki da wa'azin zuwa bayan ɗakin janareta ba.

Ba a gyara raini da takardar sanarwa. Ana gyara shi ne da wurin da aka zaɓa. Idan rumfar kekuna tana kusa da babbar ƙofa, a gaban idon masu gadi, a share take, an rubuta mata suna kamar sauran, kowa zai fahimci matsayin da hukumar asibiti ta ba ta ko ba a faɗa masa ba. Idan kuma aka samu babban likita ɗaya ko biyu da gidajensu ke kusa suka riƙa zuwa a keke ko da sau ɗaya a mako, ƙananan ma'aikata za su daina ɓoye nasu.

"Asibiti na da matsalolin da suka fi wannan"

Wannan ita ce hujjar da na fi ji, kuma ba na musun rabinta. Asibitin da ke fama da rashin wuta da ƙarancin gadaje da ficewar likitoci zuwa Saudiyya da Ingila yana da abin da ya dame shi. Amma a duba abin da ake nema. Filin da mota ɗaya ke tsayawa zai ɗauki kekuna takwas zuwa goma. Ke nan idan aka ware gurbin motoci biyu ko uku daga rumfar da ake da ita, an gama da maganar inuwa. Abin da ya rage shi ne a kira mai walda ya lanƙwasa bututun ƙarfe, a kafa su da siminti, yadda za a iya ɗaure gangar jikin keken da sarƙa da kwaɗo. A kula da wannan, domin ƙarfen da ke riƙe tayar gaba kaɗai ba shi da amfani: ɓarawo zai kwance tayar ya tafi da keken, kuma ƙarfen yakan tanƙwara gargaren tayar. Sai ƙwan fitila guda, da famfon iska da aka ɗaure da sarƙa a jikin ginshiƙi.

Duk wannan aikin kwana biyu ne ga mai walda ɗaya da birkila ɗaya. Asibitin da ya iya shimfiɗa bulon ƙasa a wurin ajiye motoci ya iya wannan.

Maganar sata ma tana da sauƙi, domin hanyar tana nan ana amfani da ita. A kasuwanni da masallatai da makarantu ana ba mai babur kati ko lamba idan ya shiga, ya mayar idan zai fita. A yi wa keke haka, kuma kada a karɓi ko sisi daga ma'aikaci.

Zafi, gumi da ƙura

Wata ma'aikaciyar jinya da na yi wa wannan zance ta ce da ni, "Malam, kana so mutum ya shigo wa mara lafiya yana warin rana?" Tambayarta tana kan hanya. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, a hunturu kuma mai keke yakan iso fari fat da ƙura har gashin ido. Babu wanda ke so a wanke masa ciwo da hannun da ya taho yana share zufa.

Amsar ita ce ɗakin sauya tufafi mai ruwa da durowa mai makulli, na maza daban, na mata daban. Ba lallai sai shawa ba, famfo da bokiti da ƙofa mai sakata sun wadatar. Kuma wannan tanadi ne da ya kamata a ce yana nan ko babu mai keke ko ɗaya. Ƙa'idar kare yaɗuwar cuta ta fi son ma'aikaci ya sa kayan aikinsa a cikin asibiti, ya cire su kafin ya fita, maimakon ya shiga A Daidaita da rigar da ya wuni da ita a ɗakin masu tarin fuka, ya kuma shiga da ita gida yara su rungume shi. Wanda ya matsu da mutum huɗu a bayan A Daidaita a tsakiyar bazara ma ba a bushe yake isowa ba. Ita kanta mai tambayar, ɗakin zai amfane ta.

Haɗarin titi

Nan ne ba zan yi wa kowa daɗin baki ba. Titunanmu ba a yi su da mai keke a rai ba. An gina gadojin sama da na ƙasa a Kano, an faɗaɗa tituna, amma mai keke bai samu ko zira'i ɗaya nasa ba, sai dai ya raɓa tsakanin tirela da kwata. Ma'aikatan sashen haɗari sun fi kowa sanin abin da ke faruwa idan mota ta haɗu da mai keke. Mutane ba su manta da marigayi Ojo Maduekwe ba, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, wanda ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawa keke, har mota ta buge shi yana kan keke a Abuja a 2001. Kira kawai ba ya kare kowa a kan titi.

Asibiti ba zai iya gyara titin Zariya ko titin Katsina ba, amma yana da iko a kan abubuwa uku. Yana iya raba wa masu kekensa hular kwano da riga mai ƙyalli da fitilar gaba da ta baya, musamman masu aikin dare da masu fitowa da duku-duku, domin keke marar fitila a titin da babu haske tarko ne. Yana iya tsara cikin harabarsa, a sa tudun rage gudu, a hana motoci tsere tsakanin gine-gine. Yana kuma iya amfani da muryarsa. Wasiƙar da shugaban babban asibiti ya sa wa hannu zuwa ga ma'aikatar ayyuka da KAROTA (hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano) da Hukumar Kiyaye Haɗura, yana neman a gyara mahaɗar da ke bakin ƙofarsa, tana da nauyin da koken mai shara ba shi da shi.

Kuma ba kowa ake magana a kansa ba. Wanda ke tahowa daga Wudil ko Bichi ba zai zo a keke ba. Amma Kano gari ne shimfiɗaɗɗe da ba shi da hawa da sauka, kuma asibitocinta a tsakiyar unguwanni suke. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana maƙwabtaka da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwa Uku, na Murtala kuma yana bakin Ƙofar Mata, kusa da Fagge da unguwannin cikin ganuwa. Tafiyar kilomita biyar a keke ba ta wuce minti 25, kuma wanda ya san gari yana da lungunan da za su raba shi da manyan motoci.

Mata fa?

Mafi yawan ma'aikatan jinya da ungozomomi mata ne, kuma a Kano ba a saba ganin babbar mace a kan keke ba. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, abu ne na yau da kullum, a Yamai kuma mata na tuƙa babur ba wanda ya waiwaya. Ba aikin hukumar asibiti ba ne ta tilasta wa al'ada ta sauya, kuma ba na kiran haka. Aikinta shi ne idan wata ta zaɓi ta zo a keke, ta samu wurin ajiya da wurin sauya tufafi, kuma kada a bar kowa ya mayar da ita abin kallo a bakin ƙofa.

Sayen keken kansa

Keke mai kyau ya yi tsada yanzu, ko na hannu ne. A Birtaniya tun 1999 akwai tsarin da wurin aiki ke sayen keke, ma'aikaci ya riƙa biya kaɗan-kaɗan daga albashinsa kafin a cire haraji, kuma asibitocin gwamnati da yawa suna cikin tsarin. Mu ba ma buƙatar jiran wata doka. Kusan kowane babban asibiti yana da ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata, wadda ke raba shinkafa da mai da suga bashi kafin azumi, ana cirewa daga albashi. Ƙungiyar da ta iya wannan ta iya sayo kekuna a kan sari, ta raba ba tare da kuɗin ruwa ba, a biya cikin wata goma ko shekara. A kuma ba wa mai faci guda wuri a gefen rumfar, ya kafa akwatinsa da kwanon ruwansa, yadda wanda tayarsa ta sace da safe zai tarar da ita a gyare idan ya tashi aiki.

Sai dai akwai wani tsoro da na ji daga bakin ma'aikatan kansu, kuma ina tare da su a kai: kada a fake da keke a manta da albashi. Kada wani ya ce tunda an yi rumfa, maganar alawus ɗin sufuri da motar ɗaukar ma'aikata ta wuce. Mai aikin dare da ke zaune a Rijiyar Zaki yana buƙatar bas, mai shara yana buƙatar albashin da zai riƙe gida, kuma ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya su ci gaba da neman waɗannan da ƙarfinsu. Rumfar keke ƙari ce a kan haƙƙoƙin nan, kuma ya kamata ƙungiyoyin su sa ta cikin jerin buƙatunsu, domin masu keken 'ya'yansu ne da ake cire wa kuɗin ƙungiya duk wata.

Ranar da aka sallami mahaifina, dattijon nan ne ya turo shi a kujera har bakin mota, ya tallafe shi ya zaunar, ya yi masa addu'ar samun sauƙi. An kwana ana ruwa, kuma shi aikin dare ya yi. Da muka zagayo za mu fita na hango shi bayan ɗakin janareta, ya tsuguna yana goge sirdi da tsumma, yana mayar da sarƙar da ta zame. A rumfar motoci na ƙirga gurbi shida babu kowa. Biyu daga cikinsu nake roƙon hukumar wannan asibiti, da ta kowane asibiti irinsa, ta ware kafin wata daminar.